Gado Talatin da Biyu

Ƙarfe uku na dare a Idi-Araba.
Gado talatin da biyu, mu biyu.
Da mu bakwai ne a ɗakin nan.
Nkiru ta tafi Ingila, Bose ta bi bayanta,
Ɗanjuma yana Jidda,
ya turo hotonsa cikin riga fara sol.
Na rubuta masa "Allah ya sa alheri,"
na koma kan tasar amai.

An ɗauke wuta.
Kafin janareta ya gama tarinsa
na ciji waya da haƙori don haske,
ina laluben jijiya a hannun wani tsoho
da ya bushe kamar kuɓewar bara.
"Nas!" daga gabas. "Nas!" daga bakin ƙofa.
Suwaiba da aka yanka wa rago a Kontagora
tana rataye a ƙusa tare da mayafina,
sai na tashi aiki nake ɗaukar ta.

Bari in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba.
Ran Talata, na gado sha huɗu ya cika,
tela ne daga Mushin, mai yawan godiya.
Na rufe masa ido, na duba agogo, na rubuta lokaci,
sai na kama zuciyata tana lissafin kuɗin gas.
Matarsa ta faɗi tana birgima.
Na zura guga cikin ƙirjina neman hawaye,
ya fito da yashi.

Wannan ya fi ciwon baya tsorata ni.
Ya fi kumburin ƙafa,
ya fi ɗan jinyar da ya nuna ni da yatsa
don babu iskar da zan sa wa babansa,
sai ka ce a aljihuna na ɓoye tukunyar.

Morenike ce ta gane.
Ba ta yi wa'azi ba.
Ta ja ni ɗakin ajiye magani,
ta kifa bokiti ta ce zauna,
ta ɓare burodin Agege gida biyu,
ta tsiyaya shayi a murfin fulas.
Minti bakwai, ba ƙari.
Ita ta yi waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa,
ni na ja carbi da gaɓoɓin yatsu,
muka yi dariyar likitan da ya sa takalmi wari da wari.
Tun ranar muke kiran wurin Dubai.
"Mu je Dubai," in ji ta, in ta ga idona ya ƙafe.

Asuba a kan kwalin ruwan ƙari nake yin ta.
Goshina in ya taɓa ƙasa, ba ya son tasowa.

Kuka kuwa a danfo ya same ni,
a cunkoson Oshodi, kwana huɗu bayan tela.
Kwandasta yana ihun canji,
wata mai kwandon barkono ta miƙo mini gefen zaninta
ba tare da ta tambayi ko wa ya mutu ba.
Legas ta iya wannan:
ta matse ka har ka tsage,
ta kuma kau da kai ka yi kukanka.

A gida, ruwan ɗumi da gishiri a roba,
ƙafafuna ciki kamar rogon da aka jiƙa.
Na kashe waya. Na koyi kashe waya.
Na koyi cewa "ba zan iya karɓar na Asabar ba"
ba tare da na haɗa da ban haƙuri goma ba.
Takardar neman aikin waje tana ƙarƙashin katifa,
rabi a cike. Ban yaga ba, ban ƙarasa ba.

'Yata Nusaiba ta ɗauko murfin kwalba
ta ɗora mini a ƙirji, ta kasa kunne.
"Mama, yi numfashi."
Na yi.
Ta ce, "Sake."